Jibril Aminu da ma'aunin da jami'o'inmu suka koyi yi wa wayo

Da Farfesa Jibril Aminu ya rasu a Abuja ranar 5 ga Yunin 2025, yana da shekara 85, Allah ya gafarta masa, yawancin masu ta'aziyya jerin muƙamansa suka riƙa karantowa. Ɗan Song ne a Adamawa, ya gama karatun likita a Ibadan a 1965, ya yi digirin digirgir a Landan a 1972, ya zama ƙwararren likitan zuciya. Ya riƙe Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, daga 1975 zuwa 1979, ya shugabanci Jami'ar Maiduguri daga 1980 zuwa 1985, ya yi ministan ilimi har 1989, ministan man fetur har 1992, jakada a Amurka daga 1999 zuwa 2003, sannan sanatan Adamawa ta Tsakiya na shekara takwas. Jerin ya yi kyau a takarda. Sai dai mai ɗa a jami'a ba jeri yake son ji ba. So yake ya san me ya sa sashen da aka ce hukuma ta tantance shi, ta ba shi cikakkiyar shaida, ɗansa ya shekara huɗu a cikinsa bai taɓa riƙe kwalbar gwaji da hannunsa ba.

Amsar tana da alaƙa da aikin marigayin, ta fuskar yabo da ta fuskar suka. A ganina shi ne mutumin da ya fi kowa tasiri wajen tsara yadda ake tafiyar da jami'a a Najeriya, kuma tsarin da ya kafa ya dace da matsalar 1975. Kuskurensa, wanda magadansa suka ninka, shi ne ɗaukar cewa in doka ta fito daga sama kuma an naɗa mai duba ta, to aiki ya kammala, ko da waɗanda za su aiwatar da ita ba su yarda da ita ba.

A tuna yadda ya tarar da abin. Kafin 1975 jami'o'i shida ne kacal a ƙasar: Ibadan, Nsukka, Legas, Ife, Ahmadu Bello da Benin. A shekarar gwamnatin soja ta karɓe na jihohi ta mayar da su hannun tarayya, ta kuma ƙirƙiro bakwai a lokaci guda: Kalaba, Jos, Maiduguri, Sakkwato, Ilori, Fatakwal da Kano, ukun ƙarshe suka fara a matsayin kwalejoji kafin su tsaya da ƙafarsu a 1977. NUC kuwa tun 1962 take, amma ofishin ba da shawara ce kawai, sai a 1974 doka ta ba ta haƙora. Matashin likita mai shekara 36 aka damƙa wa wannan aiki, kuma a lokacin kuɗin jami'o'in tarayya ta hannun hukumarsa yake bi. Wanda ya san yadda Arewa take a wancan zamani, da jami'a ɗaya tilo a Zariya tana ɗauke da yankin da ya fi rabin ƙasar faɗi, ba zai raina abin da aka yi ba. Ɗan Gashuwa ko ɗan Argungu ya samu jami'a a kusa da gida. A 1978 aka kafa JAMB, hukumar shirya jarrabawar shiga jami'a, saboda a da ɗalibi ɗaya kan samu gurbi a jami'o'i uku ya riƙe, wasu kuma su rasa ko ɗaya. Tsarin rabon gurbin da ake bi yanzu a jami'o'in tarayya, kashi 45 na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'a, 20 na jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, daga irin tunanin wancan lokaci ya samo asali. Ana iya muhawara a kansa, amma ba don shi ba da wasu jihohin sun daɗe ba su ga likita ɗan ƙasa ba.

Alamar matsalar ta fara bayyana tun 1978. Kuɗin mai ya ja baya, NUC ta sanar da ƙarin kuɗin abincin ɗalibai daga naira ɗaya da sule biyar zuwa naira biyu a rana. A lissafi ƙarin yana da hujja. Amma sanarwa aka yi, ba a zauna da kowa ba. Ɗalibai suka fito a watan Afrilu suna neman kwamishinan ilimi Kanar Ahmadu Ali ya sauka, aka harbe ɗalibi a Legas, aka kashe wasu a Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Sule biyar ta ci rayuka. Shekara goma bayan haka, Jibril Aminu yana ministan ilimi a gwamnatin Babangida, ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta shiga yajin aiki kan albashi da 'yancin jami'a, aka amsa mata da haramci a 1988, aka tsare shugabanninta, cikinsu har da Attahiru Jega da Festus Iyayi. Daga nan zaman gwamnati da malaman jami'a ya koma na doya da manja, kuma har yau bai gyaru ba. Yajin aikin 2022 kaɗai wata takwas ya ci, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba.

A cikin wannan yanayi na rashin yarda aka haifi tantance kwasa-kwasai. Doka ta 16 ta 1985 ta ba NUC ikon gindaya mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowane kwas zai cika. A 1989 aka fitar da sharuɗɗan, aka fara zagayen tantancewa na farko a 1990. Tunanin irin na likita ne, kuma mai kyau: kada ka yarda da abin da mara lafiya ya faɗa maka kawai, auna shi. Ga yadda awon yake. Sashe zai cike kundin bayanin kansa ya aika. Hukumar ta turo tawagar farfesoshi daga wasu jami'o'i su yi 'yan kwanaki. Za su duba manhaja, takardun tambayoyin jarrabawa, amsoshin da aka yi wa maki, rahoton mai jarrabawa na waje, kundayen binciken ɗaliban ajin ƙarshe, fayil ɗin kowane malami, ɗakunan gwaje-gwaje, ofisoshi da laburare. Sashen da ya samu maki 70 cikin ɗari a jimla, kuma ya samu 70 a kowane ɗaya daga manyan ɓangarori huɗu, wato harkar karatu, malamai, gine-gine da kayan aiki, da laburare, shi ke samun cikakkiyar shaida ta shekara biyar. Wanda ya kai 60 amma bai cika wancan sharaɗi ba, shaidar wucin gadi ta shekara biyu. Ƙasa da 60 an hana shi, kuma ba zai ƙara ɗaukar sababbin ɗalibai ba sai ya gyara.

Ɓangaren malamai shi ya fi nauyi, yana cin kusan kashi ɗaya cikin uku na makin, kuma a nan ne lissafi yake fasa ƙwai. Ƙa'idar ita ce malami ɗaya ga ɗalibi 30 a fannonin adabi da zamantakewa, ɗaya ga 20 a kimiyya, ɗaya ga 15 a injiniyanci da aikin gona, ɗaya ga 10 a likitanci. Sannan a cikin malaman, kashi 20 su kasance farfesoshi da masu bi musu, kashi 35 manyan lakcarori, kashi 45 na ƙasa da haka. Ɗauki sashen kimiyyar sinadarai mai ɗalibi 600, wanda ba wani abin mamaki ba ne a jami'ar jiha. Yana buƙatar malami 30: shida a matakin farfesa, goma ko sha ɗaya manyan lakcarori, sauran ƙanana. Yanzu tambayi kanka tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a samu farfesa guda. Daga mataimakin lakcara zuwa farfesa hawa biyar ne, kowane hawa aƙalla shekara uku, shekara goma sha biyar ke nan in komai ya tafi daidai, in mutum ya gama digirin digirgir a kan lokaci, ya wallafa abin da ake buƙata, bai kuma tsallaka Saudiyya ko Afirka ta Kudu ba. Ginin tsangaya kuwa ɗan kwangila zai miƙa makullinsa cikin shekara ɗaya da rabi. Gwamna yana iya buɗe jami'a a wa'adinsa na farko, amma ba shi da ikon ƙera farfesa ko da zai yi wa'adi uku.

Jami'o'in da suke goma sha uku a 1977 yanzu sun haura 270. Malaman ba su ƙaru da wannan sauri ba. Kwamitin da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta, wanda ya zagaya jami'o'in gwamnati ya miƙa rahoto a 2012, ya ƙirga malamai 37,504, kuma waɗanda ke da digirin digirgir a cikinsu ba su kai rabi ba. To ta yaya mafi yawan kwasa-kwasai ke fitowa da cikakkiyar shaida a kowane zagaye?

Duk wanda ke cikin harkar ya san yadda ake yi, ba wani sirri ba ne. Ana sanar da ranar zuwan tawaga tun da wuri. Wata guda kafin ranar sai sashe ya tashi tsaye kamar gidan da za a kawo amarya. A yi fenti, a manna sunaye a ƙofofin ofisoshin da jiya ɗakin ajiya ne. A nemo farfesoshi daga jami'o'in maƙwabta a ba su takardar malamin ziyara ko ta hutun bincike, a buɗe musu fayil, su zo su zauna kwana biyu a gaisa da baƙi. Farfesa ɗaya yana iya bayyana a jerin jami'o'i uku ko huɗu a shekara guda. Na'urar hangen ƙwayoyin cuta a aro daga asibiti ko daga wani sashe, a goge ta, a jera, wani lokacin da lambar kadarar masu ita a jikinta an rufe da takarda. Littattafai a kwaso daga ofisoshin malamai a cika kanta. Janareta ya kwana yana aiki, famfon ɗakin gwaji da ya shekara a bushe ya kawo ruwa, domin an cika tankin sama da motar ruwa da asuba. Ranar da tawaga ta kama hanya, kayan aro su ma su kama tasu. Masu tantancewar ba yara ba ne, sun gani. Amma kowannensu yana da sashen da za a zo dubawa baɗi, kuma mai yiwuwa wanda yake dubawa yau shi za a turo masa. Ga kuma tausayi: in ka hana shaida, ɗaliban da ba su ji ba ba su gani ba su za su fara shan wahala.

Ban ɗauki shugaban sashen da ke wannan aro a matsayin ɓarawo ba. An ba shi sharaɗin da ba shi ya tsara ba, ba a ba shi izinin ɗaukar malami ba, ba shi ya yanke yawan ɗaliban da aka turo masa ba, sannan an ce in ya faɗi laifinsa ne. Mutumin da aka sa a wannan kwana zai koyi wayo. Abin da ya fi damuna shi ne wayon ya kashe amfanin awon gaba ɗaya. Tantancewa ta gaskiya makami ce a hannun shugaban sashe: ya ɗauki rahoton faɗuwa ya kai wa shugaban jami'a, shi kuma ya kai wa gwamna, a ce ga abin da rashin kuɗi ya jawo. Da zarar an ci da kayan aro, gwamna ya samu takardar da ke cewa komai lafiya, kuma da ita zai amsa wa duk wanda ya zo neman ƙari.

Akwai abin lura a tarihin kuɗin ma. Kusan duk wani sabon gini mai kyan gani a jami'ar gwamnati yau, za ka ga tambarin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a goshinsa. Asusun nan bai fito daga ma'aikatar ilimi ba. Ya fito ne daga yarjejeniyar da ASUU ta ƙulla da gwamnati a Satumban 1992, ƙarƙashin Jega ɗin da aka tsare a 1988, aka mayar da ita Doka ta 7 ta 1993 wadda ta ɗora harajin kashi 2 cikin ɗari a kan ribar kamfanoni. A 2011 aka taƙaita asusun ga manyan makarantu, ana raba shi kashi biyu ga jami'o'i, ɗaya ga kwalejojin kimiyya da fasaha, ɗaya ga kwalejojin ilimi, harajin kuma ya kai kashi 3 a 2023. Gyaran da ya fi kowanne daɗewa yana aiki, a teburin sulhu aka same shi, daga bakin mutanen da aka ce 'yan tayar da zaune tsaye ne. Kwatanta shi da Hukumar Ilimin Firamare ta Ƙasa da aka kafa a 1988 zamanin marigayin, wadda ta daidaita biyan albashin malaman firamare, amma doka ɗaya ta soja ta rushe ta a 1991 bayan ya bar ma'aikatar. Abin da alƙalami ɗaya ya kafa, alƙalami ɗaya ya isa ya goge. Hukumar ilimin makiyaya ta 1989, wadda ita ce ta fi kusa da zuciyarsa, tana nan a Kaduna, kuma ta sa 'ya'yan Fulani da na masunta da yawa a aji, sai dai makarantunta sun dogara ga jihohi da ƙananan hukumomin da ba su taɓa ɗaukar abin a matsayin nasu ba.

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi, kuma bai kamata a yi kamar ba a ji ta ba. Suna cewa in an sassauta hannun NUC, jami'o'in bogi za su cika gari, kuma majalisun jami'o'in da ake son a ba 'yanci su ne suka mayar da ɗaukar aiki na ɗan gari da ɗan dangi, har ta kai ana zanga-zanga in an naɗa shugaban jami'a daga wata jiha. Gaskiya ne. Shi ya sa ban ce a rushe hukumar ba. Ƙasar da kowane ɗan majalisa ke son jami'a a mazaɓarsa tana buƙatar mai tsaron ƙofa. Abin da nake cewa shi ne mai gadin ya bar ƙofa ya shiga kicin yana gaya wa uwargida yawan gishirin miya. Sabuwar manhajar bai-ɗaya da hukumar ta fitar a ƙarshen 2022 ta tsara kashi 70 na abin da za a koyar, ta bar wa jami'a kashi 30. Ma'ana sashen aikin gona a Maiduguri, da ke fama da hamada da ƙafewar Tafkin Chadi, da takwaransa na Kalaba da ke cikin kurmi, kusan darasi ɗaya za su koyar. Hukumar da ta rubuta manhaja, ita ke ba da izinin buɗe kwas, ita ke tantance shi, ita ke ƙayyade yawan ɗalibai. In kwas ya lalace, wa zai ce manhajar ce ba ta yi ba?

Gyaran da ake buƙata ba ya neman sabuwar hukuma ko sabon gini. Na farko, a daina ƙirga malami da fayil. Kowane malami yana da lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun da albashinsa ke shiga. A yi rajista ɗaya ta malaman jami'o'in ƙasar duka, kowane suna a ƙirga shi cikakke a wuri ɗaya tak, inda ya karɓi albashin wata goma sha biyu da suka wuce. Malamin ziyara a ƙirga shi da gwargwadon sa'o'in da ya koyar, bisa jadawalin darasi da takardun jarrabawar da ya yi wa maki da hannunsa. Wannan kaɗai zai rage makin sassa da yawa, kuma ya kamata a shirya wa hakan: a ba da shekara uku ta afuwa wadda sashe zai faɗi gaskiyar halinsa ba tare da an rufe shi ba, amma a rage masa yawan sababbin ɗalibai zuwa abin da malamansa na haƙiƙa za su iya ɗauka. Sashe mai malami goma sha biyu a kimiyya, ɗalibi 240 ne haƙƙinsa, sittin a kowane aji.

Ziyara kuma ta zama ta ba-zata, a tsakiyar zangon karatu, da sanarwar da ba ta wuce kwana biyu ba. A ɗakin gwaji kada a tambayi ko akwai na'ura. A zaɓi ɗalibai biyar na aji uku daga rajista, ba waɗanda sashe ya gabatar ba, a ce su kunna ta su yi awo. A buɗe littafin da ake rubuta amfani da na'urar a ga ranar ƙarshe da aka taɓa ta, a duba rasiɗin sayen sinadarai na zanguna huɗu da suka wuce, a duba ranar lalacewa a jikin kwalabe. Na'urar aro ba ta da tarihi a littafin sashe, kuma ɗalibin da bai taɓa ganinta ba ba zai koye ta a dare ɗaya ba. Kuɗin masauki da na motar tawaga kada ya bi ta hannun jami'ar da ake dubawa ko da kwabo. A haɗa ziyarar da ta majalisun sana'a, irin ta likitoci da ta injiniyoyi da ta lauyoyi, domin yanzu tsangaya ɗaya tana shirya biki iri ɗaya sau biyu ko uku, kowanne da kuɗinsa. Sannan a wallafa cikakken rahoton kowane sashe a intanet, da makin kowane ɓangare da sunayen malaman da aka ƙirga. Ɗalibai da kansu za su faɗi wanda ba su taɓa gani a aji ba.

Manhaja kuwa a juya lissafin: hukuma ta faɗi abin da mai digiri zai iya yi in ya gama, majalisar malaman jami'a ta tsara hanyar kai shi can, ta kuma ɗauki alhakin sakamakon. Dokar 'yancin jami'o'i ta 2003 ta riga ta ba hukumomin gudanarwa ikon naɗa shugaban jami'a, amma 'yancin da gwamnati ke iya rushe hukumomin gudanarwar duka da sanarwa ɗaya, kamar yadda aka yi a Yunin 2023 aka bar jami'o'in tarayya kusan shekara babu su, sunansa kawai 'yanci.

A Agustan 2025 majalisar zartarwa ta tarayya ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na shekara bakwai. Ministan ilimi Tunji Alausa ya ce jami'o'i 199 ko ɗalibi ɗari-ɗari ba su nema ba ta hanyar JAMB. Matakin ya yi daidai, ko da ya zo a makare. Amma dakatarwa ba ta haifar da malami. Shekara bakwai ita ce kusan daidai lokacin da mai digirin farko ke buƙata ya yi na biyu a shekara biyu, ya yi na digirgir a uku ko huɗu, ya fara koyarwa. In TETFund ta karkatar da kuɗin ginin ƙofar shiga da zauren taro zuwa ɗakunan binciken tsofaffin jami'o'i irin Zariya, Ibadan, Nsukka, Kano da Maiduguri, inda masu duba ɗaliban digirgir suke, farfesa ɗaya yana riƙe da ɗalibi biyar da kuɗin sinadaransu a hannu, to zuwa 2032 za a samu zubi ɗaya cikakke na manyan malaman gobe. In ba a fara a kasafin baɗi ba, wa'adin zai cika kafin zubin farko ya kare kundinsa.